Shaidar Haihuwar Alfa Wahabu

Shekara ashirin mijina Alfa Wahabu yana yi wa mutanen Zango shari'a a Kumasi, bai taɓa hukunta kowa ba sai ya ji ta bakinsa. Shi kuwa da tasa ta zo, tambaya ɗaya aka yi masa.

Shekarar samun 'yancin kai ce, siyasa ta raba Zango biyu, har maƙwabta sun daina gaisawa. Wasu 'yan goro suka kawo rikicin rumfa, Alfa ya ba mai gaskiya gaskiyarsa. Ashe mai gaskiyar ɗan jam'iyyar da ta faɗi zaɓe ne. Ba a kwana uku ba aka kira Alfa ofishin gwamnati.

"Kai mutumin ina ne?" in ji jami'in.

"Mutumin Dosso," in ji Alfa.

Haka kowa yake amsawa a Zango, garin ubanka kake faɗa ko ba ka taɓa shan ruwansa ba. Alfa ko hanyar Dosso bai sani ba. Aka rubuta baƙo ne, aka tuɓe shi, aka sa shi a lori zuwa iyaka. Wallahi har yau ina jin haushinsa, malami guda ya kasa cewa Kumasi!

Lauya ya ce in akwai wanda ya ga haihuwarsa a Kumasi, kotu za ta saurare mu. Akwai kuwa, Iya Mamunatu ungozoma, ita ta yanke masa cibiya ta binne a bayan gidan nan. Sau huɗu ina ɗaura mata ɗankwali in riƙe hannunta har kotu, sau huɗu ana ɗage zaman.

"Barkisu, ce musu su yi maza," ta ce mini muna dawowa. "Ƙafafun nan sun gaji."

Ina kewarsa. Ina kewar tarinsa na asuba, da mitar da yake yi in barkono ya yi yawa a miya. Ya aiko wasiƙa, wai a can Ɗan Kumasi suke kiransa, wai fufun da yake rainawa shi yake mafarki.

Aka sa mana zama na biyar ranar Talata. Ranar Lahadi muka yi wa Iya sutura.

Na je duk da haka, ni kaɗai. Magatakarda ya kira sunanta sau uku, yana duban ƙofa. Wannan karon ba su ɗage ba.