Turaren Babban Ɗa

Shekara ashirin da shida Sista ta yi tana jinyar masu ciwon daji, don haka tun kafin mutumin ya shigo, hancinta ya gaya mata ko wane ne: babban ɗan tsohuwar gado na huɗu, gwanin tambayar jiki ta waya. Ya yi wanka da turare sai ka ce biki ya zo.

Wata bakwai ke nan autar tsohuwar tana kwana a kujerar roba. Ko sabulu mai ƙamshi ta daina taɓawa, don tun da aka fara yi wa uwar ƙarin ruwan maganin dajin, kowane ƙamshi tayar mata da zuciya yake yi. Shi kuwa gogan, ina zai sani?

Ya rungume uwar, ya sa aka ɗauke su hoto, sannan ya juyo kan ƙanwarsa. "Dubi yadda Mama ta rame! Wai zaman me kike yi a nan?"

Sista ta ga tsohuwar ta dafe baki, tana ta haɗiya don kada ta kunyata ɗanta. Abin ya fi ƙarfinta, ta sheƙa amai a kan farar rigarsa.

Ya yi tsalle ya ja baya. "Sista! Wane irin magani kuke ɗura mata?"

Sista ta kalle shi sama da ƙasa, ta miƙa masa tsumma.

"Ba magani ba ne, Yallaɓai. Yau kwana tara ba ta yi amai ba, sai da ka zo."