Hasumiyar da Aka Gyara

Tun da hantsi Avdotya Kuzminichna take tsaye a bakin kogi, riƙe da burodin tarbar baƙi a kan farin tawul, da ɗan gishiri a tsakiyarsa. Kowace Talata in ƙanƙara ta narke, jirgin ruwan masu yawon buɗe ido kan tsaya a Lipnya na awa biyu. Baƙi su zaga hasumiyar cocin da ke tsaye cikin ruwa, wadda ita kaɗai ta rage daga tsohon garin da madatsar ruwa ta haɗiye, sannan su shigo ɗan gidan tarihin da take kula da shi. Hukuma ta ce in baƙi ba su zo bana ba, rufe shi za a yi.

Yefim mai busasshen kifi ya leƙo tawul ɗin.

"Kuzminichna, wannan burodin na bara ne? Kar ki karya wa baƙi haƙora."

"Rufe min baki, tsohon banza. Kifinka ya girmi jikokinka."

Bara masu jirgin sun yi ƙorafi cewa hasumiyar ta yi baƙi ƙirin, itatuwa kuma sun kare ta. Ita ce ta bi gida-gida tana roƙo. Tsofaffin garin suka sare itatuwan gaɓa, suka shafe hasumiyar da farar ƙasa, har Yefim ya faɗa ruwa sau biyu.

Jirgin ya ɓullo, ya rage gudu. Mutane sun cika samansa, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Ta lasifika wata budurwa tana ba su tarihin garin, har da shekarar da ruwa ya haɗiye shi.

"Ba wannan shekarar ba ce," in ji Avdotya a hankali.

Jirgin bai karkato ba. Ya yi ƙaho sau ɗaya, ya wuce.

Yefim ya daɗe yana kallon farar hasumiyar.

"Mun gyara ta da yawa, Dusya," ya ce. Rabon da a kira ta da wannan suna tun mijinta na da rai. "Daga tsakiyar kogi ma ana ganinta tas. Me za su sauko nema?"

Avdotya ta tuna makullan da ke rataye a bangon gidan tarihin, na gidajen da ke ƙarƙashin ruwa, kowane da sunan mai shi.

"Jibi ka zo ka taya ni," ta ce. "Mu mayar wa kowa makullin gidansu."

"Wa ya rage da za a mayar wa?"

Ta buɗe baki za ta lissafo, ta tsaya a suna na huɗu.