Kwalbar da aka kai gida

Shekara talatin da huɗu Alhaji Kailani yana ɗauke da maganar da bai faɗa wa Malam Ɗantsoho ba. Ranar Talata da hantsi sai ga tsohon ya shigo kemis ɗinsa a Tudun Wada, yana dogara sanda, yana neman maganin hawan jini.

A da Ɗantsoho jami'in duba magunguna ne. Shi ya taɓa kwashe wa Kailani katan guda na ruwan maganin haƙoran jarirai, saboda kwalaben ba sunan kamfani, ba adireshi. Kailani ya zage shi a gaban jama'a, ya kuma yi alfaharin da ya saba: ba ya sayar da abin da bai fara bai wa iyalinsa ba.

Ɗantsoho ya tambaye shi, "To ina kwalbar da ka kai gida?"

Ya tilasta masa hawa bayan babur zuwa gidan. Suka tarar da Ishatu, matar Kailani, tana fama da murfin kwalbar, jaririyarsu Sumaiya na kuka da zazzaɓi. Murfin ne ya ƙi buɗuwa. Ɗantsoho ya karɓe kwalbar. Bayan wata biyu aka ji irin maganin ya kashe yara a wani gari. Kunya ta hana Kailani nemansa.

Yanzu Kailani ya zagayo daga bayan kanta, ya jawo kujera.

"Malam, ka gane ni?"

"Mai bakin nan? Ai har yau ina tuna abin da ka ce da hulata."

"Ka yafe mini. Na gode, ban taɓa faɗa ba."

"Ina yarinyar?"

Kailani ya nuna matar da ke sanye da farar riga tana ɗauko magani. "Ga ta. Harhaɗa magunguna ta karanta. Kantin ma yanzu a hannunta yake, ni ɗan zaman benci ne."

Sumaiya ta rusuna wa Ɗantsoho. "Baba, ashe kai ne mai babur. Inna ta sha ba ni labarin."

Ta miƙa masa kwalin maganin da hannu biyu. Ɗantsoho ya sa tabarau, ya juya shi, ya bi lambar rajista da yatsa, ya duba ranar lalacewa.

"Malam, har mu?" in ji Kailani.

"Musamman ku."

Ya gama dubawa, ya sa kwalin a aljihu. Sumaiya ta raka shi har bakin titi, ta tsayar masa da keke mai zuwa Hanwa.