Garamut a Ɗakin Katifu

Ni kaɗai na rage a zuriyarmu wanda ya iya kiɗan mutuwa a kan garamut, gungumen da muke rarake wa ciki mu buga da sanda. Hannuna na dama ya fara rawa. Ban gaya wa kowa ba. 'Yata Nahau ta gane ranar da shayi ya zube mini a cinya.

Ta dawo tsibirinmu Manus daga birnin Lae da kwamfuta da makirufo uku, don ta ɗauki kiɗan a adana. A waya ta koyi aikin ɗaukar sauti. Ta jingina katifun gidan a bangon ɗaki, ta toshe taga da buhuna, aka shigo da gangar.

"Baba, buga."

Ƙaramin makirufon ta sa a bakin gangar. Na buga, ta kunna mini abin da ta ɗauka.

"Wa ke fasa kwakwa?" na ce.

"Kai ne."

Ta ajiye babban a ƙasa. Wannan ya fito kamar kukan cikin mayunwaci. Na ukun ta rataye a sama, sai kwanon rufi ya shiga yi mana amshi.

"Kayanki na banza ne."

"Kayana lafiyarsu ƙalau. Gangarka ce ta fi ƙarfin ɗakin." Ta cire abin kunnenta. "Kusa da ita sanda kawai ake ji. Muryarta sai ta yi tafiya take haɗuwa. Mu fitar da ita waje, in kai babban makirufon bakin ruwa."

Wannan na sani tun ba a haife ta ba. Domin mutanen ƙetaren ruwa aka sassaƙa garamut.

"Ba a yin wannan kiɗan a waje sai da gawa," na ce. "In na buga, kwale-kwale za su taso. Gwaggonki za ta iso da kuka, ta tarar da ni ina cin kifi."

"Sai mu aika musu tun da wuri cewa gwaji ne."

"Gangar da aka taɓa cewa a yi watsi da kiranta, gobe wa zai taso mata?"

Ta shiga naɗe wayar makirufo a hannu.

"To yaushe za a buga shi a waje, Baba?"

Duk tsibirin babu wanda ya girme ni, ita ma ta sani.

Na ce ta mayar da ƙaramin makirufon bakin gangar. Na yi kiɗan daga farko har ƙarshe. Sanda ta kuɓuce mini kusa da ƙarshe, na ɗauka na ƙarasa. Ta ce za ta iya yanke wurin. Na ce ta bar shi.

"Ranar da na mutu, ki kunna musu wannan."

"Ba zai kai ƙetare ba."

"Na sani. Ki kira su a waya."

Ta adana shi. Na taya ta mayar da katifu kan gadaje, da hannun hagu.