Bakin Ɗamarar Quirze

A garinmu ba mai ɗaura baƙar ɗamara shi kaɗai. Doguwa ce, sai wani ya riƙe maka baki ɗaya yana ja, kai kana juyawa har ta kama ƙugunka tamau, sannan ka shiga gindin hasumiyar da muke yi da mutane ranar biki, wasu bisa wasu, a taka kafaɗarka. Shekara talatin ni ke riƙe wa Quirze tasa.

Shi ne mai gadin makarantar da aka ajiye akwatin ƙuri'ar raba Kataloniya da Sifen. Gwamnatin Sifen ta haramta zaɓen, don haka ranar zaɓe 'yan sandanta suka iso da kulake, tsofaffinmu kuwa sun zauna sun tare ƙofa. Da Quirze ya ga an ɗaga kulki a kan tsohuwa Remei, sai ya ciro mabuɗi ya buɗe wa 'yan sandan. Suka fita da akwatin, ƙuri'unmu ɗari huɗu a ciki.

Bayan mako uku aka yi bikin gari. Quirze ya shigo dandali, ya warware ɗamararsa, ya miƙo mini bakin.

"Narcís, kama mana."

Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Sarkin Mabuɗi!" in ji Oriol mahauci. "Kirawo abokanka masu kulake su riƙe maka mana."

Aka bushe da dariya. Quirze ya bi mutane ɗai-ɗai da bakin ɗamarar a hannu, har ya tsaya gaban Remei.

"Da ka bari sun fasa mini kai, da duniya ta gani a talabijin," in ji ta. "Ka cuce ni, ɗan nan."

Ƙarshe dai a jikin ƙarfen fitilar titi ya ɗaure bakin, ya yi ta juyawa shi kaɗai, dattijo mai shekara sittin da biyu.

Meritxell, 'yar Remei, ita ce shugabarmu, mu masu yin hasumiya. Ta kira sunaye, kowa ya kama wurinsa. Ba ta kira nasa ba.

"Ni fa?" in ji Quirze.

"Tsaya can ka riƙe mana mabuɗan mota," in ji ta.

"A'a, kul!" in ji Oriol. "Kafin mu sauko ya miƙa su."

Aka busa algaita, hasumiya ta fara tashi. Da aka kai hawa na shida na ji ɓangaren dama yana rawa, daidai gurbin Quirze, inda aka sa wani sabon shiga. Muka zube. Ƙashin kafaɗar Oriol ya karye.

Quirze ne ya fara isa kansa da gudu.

"Kar ka taɓa ni!" in ji Oriol. "Kai ka tsare mu da mugun idonka!"

Nan take dandali ya ɗauka. Ni na san abin da ya kayar da mu, amma na bari aka ɗora masa laifin.

Quirze ya kwance ɗamarar, don kwancewa ba ta bukatar kowa, ya naɗe ta a tsanake, ya ajiye gabana ya tafi. Tana nan a ɗakina har yau. In mun haɗu a layin burodi, shi ke fara kau da kai, don ya sauƙaƙa mini.