Ɗan Ƙwadagon Kawu Sodangi

Shekarar da aka fara Shari'a, aikina a Ƙaura Namoda bai wuce hoton fasfo ba. Jiha sabuwa ce, kowa na neman aiki a Gusau, ni kuwa har na gaji da fuskokin mutane masu zare ido kamar an kama su da akuyar sata.

Wata Laraba na je Shinkafi gaida Kawu Sodangi, na iske shi a lambu yana haɗa maganin feshi. Albasar da ya bari ta iri ta yi fure fari tas. Shekara biyu ke nan iri na fito masa ba ƙwaya, in bana ma ya ƙi, ya ce ya bar lambu ke nan.

"Ga ɓarayin nan," in ji shi. "Ɗiyan rina na. Su ka tsotse min hure. Kullum feshi nikai, ba su ƙarewa."

Na duba. Wani ɗan ƙwaro mai zanen baƙi da rawaya ya tsaya cak a iska, bai gaba bai baya, sai ka ce an rataye shi da zare. Jikina ya ba ni ba rina ba ce.

"Kawu, ka yi min haƙuri zuwa jibi. Bari in ɗauki hotonai."

"Hoton ƙwaro? Kamalu, lahiyarka ƙalau?" Shi da ko nasa hoton bai yarda a ɗauka ba sai da zai je Makka.

Na kwance gilashin kamara na juya shi baibai, dabarar da ke sa ƙaramin abu ya fito ƙato. Na kwanta rub da ciki a laka, na riƙe numfashi. Hoto shida na ɗauka. Kawu ya ajiye injin feshin yana tsaki.

Ran Juma'a na dawo lambun da hotunan daga wanki. Biyar sun lalace. Na shidan kuwa, ni da na ɗauka ma sai da tsigar jikina ta tashi. Idanu biyu jajaye sun cinye kan gaba ɗaya, kowanne da ɗaruruwan ƙananan idanu a jere, ba wanda ya kauce. Fukafukai biyu kacal, ana hango fure ta cikinsu. Ba ƙarin harbi a gindinsa. Ƙuda ne ya ari rigar rina.

Kawu ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo.

"Subhanallahi. Wa ya zauna ya jera wanga ido?" Sai ya kai yatsa kan wani gari rawaya da ya manne a gashin ƙirjin ƙwaron. "Wanga hwa?"

"Daga furen ya kwaso shi."

"Bununi na," ya faɗa a hankali. Manomin gero ba a koya masa aikin bununi, garin furen da ke sa zangarniya ta yi ƙwaya. Ya ɗaga kai yana bin ɗaya daga cikin ƙwarin da ido, daga wannan fure zuwa wancan, zuwa na gaba. Ya waiwayi injin feshin.

"Shekara arba'in shina yi min aiki ban san huskatai ba," in ji Kawu. "Da na tashi biyan shi, guba na ba shi."

Ya saka hoton a aljihun gaba, ya sunkuya ya ɗauki injin ya fita da shi daga lambun.