Sunan da Verna Ta Tafi da Shi

Jinkiri ne laifin Joleen, irin jinkirin masu son a yi abu tsaf, wanda ya fi na malalata ɓarna. Ina zaune a ɗakin girkin kakarta, maƙwabciyata Verna Hruska, ina ɓare mata masara, sai waya ta yi ƙara, Joleen ce. Verna ta danna ta yadda ni ma zan ji, don kunnenta ya yi nauyi.

"Kaka, na gano. Mahaifiyarki Della a jirgin marayu ta zo daga New York, ita da ƙaninta Emmet. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Shekara da shekaru yarinyar nan tana binciken asalinsu, tsohuwa tana ce mata Della 'yar gabas ce, daga nan ta ja bakinta. A zamanin iyayenmu jirgin ƙasa kan kawo marayu nan Nebraska, a jera su a zauren gari, manoma su latsa damtse su duba haƙori, kowa ya ja wanda ya yi masa. Wanda ya ɗauke ka shi ke sa maka suna. An sauke Della a garinmu, aka wuce yamma da Emmet yana ɗan ƙanƙani.

"Shi kuma ya ɓace mini, Kaka. Na duba ko'ina, babu Emmet."

"Ina za ki gan shi? Ai ba da wannan sunan ya mutu ba."

"Kin san wanda aka sa masa?"

"Na sani, har garin. Mama ta taɓa zuwa ta gan shi bayan ya yi iyali. Ta dawo ta kwanta, ta ƙi cin abinci. Tunda kin tono da kanki, ɗauko abin rubutu."

"A'a Kaka, kada ki faɗa a waya. Ran Lahadi zan zo da rikoda, ki ba ni daga farko da muryarki, 'ya'yana su ji."

"Ke da na'urorinki. Suna ne fa kawai, 'yar nan."

"Lahadi, Kaka. Ki yi mini burodin nan mai 'ya'yan itace."

Da ta kashe na ce, "Verna, faɗa mini in riƙe mata."

"Kai Orval? Da bakin nan naka mai yoyo? Kafin la'asar duk tsofaffin da ke shan kofi a gidan mai sun ji."

"To ki rubuta."

Ta ɗago mini hannayenta. Ciwon gaɓoɓi ya murɗe yatsun, cokali ma da ƙyar.

"Della da ta daɗe a kabari," na ce, "wa zai goranta mata yanzu?"

"Ba ka ji abin da ake kiranta ba. Kayan jirgi. Har a coci, a bayan idonta. Ta rantsar da ni, ban da jininmu kada wani ya ji. Ɓare masararka."

Na ɓare masarata.

Ran Asabar da hantsi na ga labulenta a rufe, ita da ke riga kaji tashi. Na shiga ta ƙofar baya. Tana kan kujerarta gefen taga, takalmi ƙafa ɗaya a sanye, kanta ya karkata. A kan tebur kwaɓin burodi ya kumbura ya ture ƙyallen da ta rufe shi, ya zubo gefen kwano. Na taɓa hannunta, ya yi sanyi, rai ya yi halinsa. Na cire hulata.

Joleen ta iso da yamma, ido jawur. Bayan an fita da gawa ta tare ni a baranda.

"Baba Orval, ba ta ce maka komai ba? Ko harafin farko?"

"Na roƙe ta. Ta ce naki ne."

"Ta ce in ɗauko abin rubutu," ta faɗa a hankali. "Biro yana hannuna fa."

Ban rarrashe ta ba. Ƙarya ce kaɗai za ta sanyaya mata, ni kuma ban iya ba.

Ta rasa sunan, ta rasa garin. Ta rasa abin da Emmet ya ce wa yayarsa da ya hana ta cin abinci. Ta rasa dangin da suke can yamma ba su san da ita ba, muryar kakarta kuwa ko kalma ɗaya ba ta samu ba.

Duk bazara yanzu takan bi titin yamma, ta tsaya a maƙabartun ƙananan garuruwa. Na raka ta sau ɗaya, na zauna a mota. Tana tafe tsakanin duwatsun kaburbura, ciyawa har ƙauri, duk namijin da shekarar haihuwarsa ta yi kusa da ta Emmet sai ta ɗan tsaya a kansa, ta share dutsen da tafin hannu, ta matsa na gaba.